Igamata saura kwana 41, mudir sai "bukra" yake ce min

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta na wasu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ni mai gyaran AC ne a Jidda, shekarata huɗu da wata biyu a wani ƙaramin kamfani da ke kula da gine-gine. Mu goma sha bakwai ne, 'yan Najeriya uku, sauran 'yan Bangaladash da Misirawa da ɗan Sudan ɗaya. Albashina riyal 2,000 har da kuɗin abinci, ɗaki na kamfani ne a bayan Sana'iyya. Ba zan yi musu ƙarya ba, shekara uku na farko ba a taɓa wuce biyar ga wata ba a biya mu ba. Da wannan kuɗin na sayi fili a Rijiyar Zaki, ginin ya kai linta, na kuma kai mahaifiyata asibiti aka yi mata aikin ido.

Bana ne abin ya juye. Babbar kwangilar da kamfanin ke taƙama da ita ta suɓuce, aiki ya ja baya, yanzu wata biyu ke nan ba mu ga albashi ba, na ukun saura kwana tara ya cika. Shekaranjiya na buɗe Absher, manhajar gwamnati ta takardunmu, na ga igamata, wato takardar izinin zama, saura kwana 43, yau 41. Na je wajen mudir, wato manajan kamfanin, sau huɗu. Kullum sai ya dafa kafaɗata ya ce "bukra in sha Allah, ya Muhammad", wato gobe, alhali ko sunana ba Muhammad ba ne. Ɗan Sudan ɗin da ke riƙe mana takardu ya ja ni gefe ya ce kada in yaudari kaina, ba su da kuɗin sabunta wa kowa, mutum biyar tasu ta riga ta mutu tun watan jiya.

Ni kuma ban shirya komawa ba. Ginin nan ko rufi babu, 'yata ta fari an sa ranarta bayan Babbar Sallah, gado da katifa kaɗai na iya saya. Ko shekara biyu na ƙara, wallahi da kaina zan tattara.

Shawara uku aka ba ni, kowacce ta hana ni barci. Wani a masallacinmu ya ce akwai Balaraben da zai karɓe ni da sunan kafili, wato ubangidan da sunansa zai hau igamata, in ba shi riyal 7,000 yanzu, sannan 300 duk wata, in riƙa aikina inda na ga dama. Wani ƙanin babana da ya shekara talatin a nan ya ce in kwashe kayana in dawo wajensu a unguwar Karantina in zauna ba takarda, ai su ma haka suke zaune, aikin AC ba ya yankewa a garin nan. Matata kuma ta ce in karɓi huruj, wato bizar fita, in dawo, Allah na nan.

Waɗanda suka san kan abin, don Allah: akwai hanyar da zan ci gaba da zama bisa ƙa'ida idan kamfanin ya ƙi sabuntawa? In igamar ta mutu a hannuna ni za a kama da laifi? Fasfona yana wajensu, in hakan na da muhimmanci.

Abu Hanan Dammam:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kawo mafita. Ni ma'aikaci ne a ofishin ma'aikata na wani kamfani a Dammam, irin wannan takardun su ne abincina kullum, don haka bari in yi maka dalla-dalla.

Da farko cire wa ranka cewa laifinka ne. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora kuɗin igama da na lasisin aiki da sabunta su, har da garamar jinkiri, wato tara, a wuyan mai kamfani. Garamar riyal 500 ce karon farko, 1,000 karo na biyu. Amma wannan a takarda ne. A titi, kai za a tsayar a nemi igama, kai bankinka zai daskare, kai za ka je asibiti a ce inshora ta ƙare. Shi mudir yana gidansa yana shan shayi.

Abin da ya hana su sabuntawa ba boyayye ba ne. Kuɗin igamar kanta riyal 650 ne a shekara, wannan ba ya kashe kowa. Harajin lasisin aiki ne mai nauyi: 800 a kowane wata kan kowane baƙo idan baƙi sun fi 'yan ƙasa yawa a kamfanin, wato 9,600 a shekara. Ka lissafa mutum goma sha bakwai. Ga inshorar lafiya da dole sai an biya kafin na'ura ta yarda ta sabunta. In kuma kamfanin ya faɗa ja a tsarin Niɗaƙat, mai ba kamfanoni launi gwargwadon yawan 'yan ƙasan da suka ɗauka, saboda ƙarancin 'yan ƙasa, ko da kuɗin ba za a ba su dama ba. Abu ɗaya da za ka iya gwadawa da mudir: yanzu ana iya sabuntawa ta wata uku, ba dole sai shekara ba. Ka ce masa ya yi maka na wata uku kawai ka samu sararin neman wani wuri. Wasu suna yarda don su rabu da mutum lafiya.

Hanyarka ta gaskiya ita ce naƙal kafala, wato mayar da sunanka zuwa wani kamfani, ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago. Tun 14 ga Maris 2021 aka sassauta wannan ga ma'aikatan kamfanoni. Wanda ya cika shekara ɗaya yana iya komawa wani wuri, kuma akwai halayen da ba a ma neman yardar kafili: idan an hana ka albashi wata uku a jere, idan igama ko lasisin aikinka ya ƙare ba a sabunta ba, ko idan ba a yi rajistar kwantiraginka ba. Ka ga kai saura kwana tara ka shiga ta farko. Sabon kamfani ne zai turo maka tayi a Qiwa, ka shiga ka amince. Kuɗin naƙal 2,000 ne karon farko, 4,000 na biyu, 6,000 na uku, kuma sabon mai aikin ne doka ta ce ya biya. Wanda ya ce ka kawo, ka san da wa kake magana.

Yau ɗin nan ka yi abu uku. Ka shiga Qiwa ka duba kwantiraginka, yana nan? Yaushe zai ƙare? Da yawa yana sabunta kansa ba ka sani ba, kuma ranarsa daban da ta igama. Ka ciro bayanin asusunka na banki na wata shida, shi ne shaidarka cewa ba a biya ba, ka kuma kwashe abin da ya rage a ciki kafin a rufe. Sannan ka tabbata layin da Absher ke turo maka lamba da sunanka yake kuma yana hannunka.

Abin da nake roƙonka: kada ka daina zuwa aiki, kada ka bar sakan, wato masaukin kamfani. Ko babu aikin yi ka je ka sa hannu ka ɗauki hoto. Da ka ɓace za su shigar da rahoton ka daina zuwa, abin da mutane ke kira hurub. A tsarin da aka kawo a 2022 ana ba mutum kwana 60 bayan rahoton ya koma wani kamfani ko ya fita, in suka wuce ya zama mai laifi. Kwana 60 kuwa kamar yau ne ga mai neman aiki.

Fasfo naka ne, riƙe shi haramun ne a dokarsu. Ka nema a rubuce ta WhatsApp don ya zama kana da shaida.

Baba Na Sharamansur:

Yaro, ina gaishe ka. Na karanta bayanin malamin Dammam, ilimi ne, ban musa ba. Amma ni na zo ƙasar nan tun zamanin Sarki Fahad, kuma abin da ido ya gani ya fi abin da aka karanta.

Duk wannan Kiwa da kuke faɗi, sai ka samu kamfanin da zai ɗauke ka tukuna. Ina yake? Kwana arba'in ne fa. Ƙanin babanka ba maƙiyinka ba ne. Mutanenmu nawa ne a Makka da Jidda suka yi shekaru ba takarda, suka aurar da 'ya'ya, suka gina gidaje a Kano da Damagaram? Mai sana'a a hannu irinka, lokacin zafi kafin azahar ka yi AC uku, ka tashi da abin da kamfanin nan ba ya ba ka a kwana huɗu. Kuma hukuma takan yi afuwa. An yi a 2013, an sake yi a 2017, mutane suka fita ba garama ba ɗauri. Ka yi shekara biyunka a hankali, in an buɗe ƙofa ka bi ayari.

Ban ce ka bi maganata dole ba. Na dai ce kada a tsorata ka da takarda.

Maman Ilham:

Baba, da girmanka, Allah ya ƙara lafiya, amma ka bar yaron nan. Zamanin da kake magana ya wuce, ni na ga ƙarshensa da idona.

Ɗan Kurna, ni daga Katsina nake rubuto maka, kuma ba da son raina na dawo ba. Shekara shida na yi a Jidda. Na shiga da bizar aikin gida, uwar ɗakina ta yi wata biyar ba ta ba ni ko riyal ba, wata ƙawata ta ce in gudo wajensu a Gulel. Na gudo. Shekara huɗu ina aikin kwana-kwana a gidaje, ina samun kuɗi, ba zan ɓoye ba, har fiye da da. Amma ka tambaye ni yaya na yi su. Ban taɓa tura kuɗi da sunana ba, sai ta hannun mutane, sau biyu ana cinye min, wa zan kai wa ƙara? Haƙori ya yi ta ciwo wata guda ina sa kanumfari don ba ni da fuskar zuwa asibiti. Mahaifina ya rasu ina jin kukan 'yan'uwana a waya, ba halin tafiya. In na ji mota ta tsaya a ƙofar gida da dare sai cikina ya ɗuri ruwa.

Ranar da aka kama ni ko mayafin kirki ban ɗauka ba, na fito sayen burodi ne. Aka kai mu Shumaisi, tarhil ɗin da ke hanyar Makka, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Sati bakwai na yi a can kafin mutanen ofishin jakadancinmu na Jidda su ba ni takardar tafiya, tunda fasfona yana gidan da na baro. Aka ɗauki yatsuna da hoton idona. Na sauka a Kano da leda ɗaya. Akwatuna biyu da na tara na kayan ɗakin ƙanwata, da 'yan kunnen gwal, har yau ana ce min "za a aiko".

Baba ya ce a jira afuwa. Daga 2017 zuwa yau shekara nawa? Wa ya yi maka alƙawarin wata? Kuma a da ana ɓacewa a cikin mutane, yanzu komai da yatsa ne, layin waya, hayar ɗaki, har shiga Makka lokacin aikin Hajji sai da tasrihi, wato takardar izini. Ga shi su kansu masu ba ka masauki ana cin su tara mai nauyi, shi ya sa ƙanin baban naka da ke cewa ka zo, ranar da aka fara kame a unguwa shi zai fara ce maka ka nemi wani wuri. Ba mugunta ba ce, kowa ta kansa yake yi.

Abin da ya fi ci min rai, daga baya na gane ashe ko mu 'yan aikin gida muna da hanyar kai ƙara idan an hana mu albashi wata uku, a canja mana gida. Ba wanda ya gaya min. Kai ga shi an gaya maka tun da sauran kwana 41.

Injiniya Sabo:

Ina goyon bayan Abu Hanan da Hajiya Maman Ilham, sai dai ina so in taɓo biyun da ba a tattauna sosai ba.

Maganar Balaraben 7,000. Wannan ita ce bizar da ake kira "hurra", kuma babu wani abu mai wannan suna a dokar Saudiyya. Sashe na 39 ya hana ka yi wa wani aiki ban da wanda sunansa ke kan igamarka, ya kuma hana ka yi aikin kanka. In an same ka a kan tsani a gidan wani da igamar wani kamfanin da ba ka taɓa ganin ƙofarsa ba, kai da marar takarda hukuncinku kusan ɗaya ne: tara da tarhil. Ban da haka, ka sa wuyanka a hannun mutumin da sana'arsa ke nan. Badi zai ce harajin 9,600 kai za ka kawo, in ka yi gardama ya danna maka hurub daga wayarsa ya sayar wa wani gurbin. Na san mutum biyu da aka yi wa haka a Riyad.

Sai maganar uwargida. Kada ka raina shawararta. In har naƙal bai yiwu ba, fita da huruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, ita ce ke bar maka ƙofa a buɗe, ka dawo da sabuwar biza gobe. Wanda aka yi wa tarhil ya yi sallama da aiki a ƙasar nan. To amma ga inda lissafinka yake: Jawazat, hukumar shige da fice, ba ta buga huruj sai igama tana da aƙalla kwana 30 a gaba. Kai kana da 41. Wato kwana goma sha ɗaya ne tsakaninka da rufewar wannan ƙofar ta sauƙi. Bayan nan sai an sabunta, ko ka bi ta ofishin ƙwadago, abin da kan ja lokaci. In kana da mota da sunanka ko tarar hanya, sai ka sauke su kafin a buga.

Kuma ko tafiya za ka yi ko naƙal, kada ka bar haƙƙinka. Ladan ƙarshen aiki rabin albashi ne a kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashi a kowace shekara bayan nan. Kai da 2,000 da shekara huɗu da 'yan kai, ya haura 4,000. Haɗa da albashin wata biyu, ka wuce 8,000, ban da kuɗin hutun da ba ka ci ba, kuma tikitin komawa gida a kansu yake. Amma ka kula, in kai ka rubuta takardar ajiye aiki kafin ka cika shekara biyar, kashi ɗaya cikin uku na ladan kawai za ka samu. Shi ya sa za su so su lallaɓa ka ka rubuta. Kada ka rubuta. Kada kuma ka sa hannu a wata takarda ta Larabci da aka ce "ta fasfo ce kawai". Mukhalasa ke nan, shaidar cewa ka karɓi komai naka.

Ƙara kuwa ba ta buƙatar lauya a matakin farko. Ana shigarwa ta intanet a shafin ma'aikatar ƙwadago, sashen sulhu, suna da kwana 21 na aiki su sasanta ku, in ya gagara su tura kotun ma'aikata. Lambarsu 19911. Komawa wani kamfani ba ya kashe ƙararka, amma kada ka wuce wata goma sha biyu da rabuwa da su.

In ka gaji da duk wannan, akwai igamar alfarma ta riyal 800,000, ba kafili ba mudir. Sai ka sayar da Rijiyar Zakin gaba ɗaya da mutanen cikinta.

Ɗan Kurna:

Injiniya ka sa ni dariya a ranar da ban zaci zan yi ba. Na gode muku duka. Baba na gode, na san don kana ƙaunata ka faɗa, amma maganar Hajiya ta shige ni, musamman ta rasuwar mahaifinta. Tawa tsohuwar ta haura saba'in. Ba zan iya zama inda za a kira ni in kasa tashi ba. Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya mayar miki da abin da kika rasa.

Ga abin da ya faru tun jiya. Na shiga Qiwa da taimakon ɗan Sudan ɗin nan. Kwantiragina yana nan, zai ƙare kusan tare da igamar. Sai dai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: sana'ar da aka rubuta min "amil" ce, lebura, ba mai gyaran AC ba. Shekara huɗu ina hawa rufin mutane da tukunyar gas a kafaɗa ashe a takarda ni mai ɗaukar bulo ne.

Na ciro takardar banki, riyal 340 da suka rage na kwashe. Na tura wa mudir saƙo a rubuce ina neman fasfona da albashina, na kuma kawo masa maganar wata uku. Ya karanta, shuɗin layi biyu ya fito, bai amsa ba. Da yamma sai ga shi da kansa a sakan, abin da bai taɓa yi ba, da fara'arsa, wai in zo ofis gobe akwai takardar da zan sa wa hannu a ba ni fasfo da albashin wata ɗaya. Injiniya kamar kana wurin. Na ce masa to, amma zan ɗauki hotonta in kai a karanta min tukuna. Fara'ar ta ragu.

Na kuma kira wani Bapakistane da muka taɓa aiki tare, yanzu shi ne fomen a wani kamfanin gyara da ke Hayyus Safa. Ya ce suna neman masu AC biyu kafin zafi ya kankama, albashi 2,200, in zo ranar Asabar su gwada hannuna. Na tambaye shi launin kamfaninsu, ya ce kore ne, amma zan so in tabbatar da kaina.

Abu Hanan, tambayoyi biyu. Wannan "amil" ɗin zai hana su ɗauke ni a matsayin mai AC? Kuma in sun turo tayin kafin wata ukun ya cika, in amince nan take ko in jira kwana takwas ɗin?

Abu Hanan Dammam:

Sana'ar ba za ta hana naƙal ba in suna da gurbinta, amma ka gaya musu tun ranar Asabar, kada su gani daga baya. Gyara ta aikinsu ne bayan ka koma, kuma mai yiwuwa su tura ka jarrabawar sana'a da aka fara yi wa masu AC da lantarki da famfo tun 2021. Ga wanda ya shekara huɗu a kan rufi ba abin tsoro ba ce.

Tayin kuma su turo ko yau, kada ka ce su jira. Ka karanta albashi da sana'a da tsawon kwantiragi a cikinsa kafin ka danna, abin da ke ciki shi ne zai ɗaure ka, ba abin da fomen ya faɗa a waya ba. In ya nuna ana jiran yardar tsohon kamfani ko wa'adin sanarwa, ka kira 19911 ranar da wata ukun ya cika da takardar bankinka a hannu. Ka kuma gaya wa sabon kamfanin cewa bashin harajin da ya taru kafin ranar naƙal yana kan tsohon ne, wasu ƙananan kamfanoni har yanzu tsoron wannan ke sa su ja da baya.

Takardar gobe ka turo min hotonta ta saƙon sirri kafin ka taɓa biro. Ina tashi daga aiki ƙarfe huɗu.